Inna ta hana ni zuwa gulbi, kuɗina kuma ba su kai na sandar fatsa ba

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Birnin Kebbi, shekarata 23. Na gama NCE, aiki bai samu ba, ina ɗan zama a shagon cajin waya na yayana. Tun ina yaro nake sha'awar kamun kifi da fatsa, amma gidanmu ba masunta ba ne, mahaifinmu tela ne, Allah ya jiƙansa. Ina yawan kallon bidiyon Turawa a waya da dogayen sandunansu, wasu har da injin naɗe zare. Na tara naira 20,000, sai wani abokina ya ce ko rabin kuɗin sandar kirki ba su kai ba, in ci bashi in cika. Ga kuma Inna, tunda ta ji maganar ta ce ba da yawunta ba, domin ban iya iyo ba. Yayana kuwa dariya yake yi, wai mai NCE zai koma su. Ni dai ina so in riƙa samun na miya, idan abin ya yi kyau har in sayar. In ci bashin, ko in haƙura?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyauta namu zuwan.

Bashin nan kada ka ci shi. Kuɗin da ke hannunka sun ishe ka har da canji, kuma abin da zai tare maka hanya ba a shago yake ba. Amma bari mu fara da shagon, tunda shi ya hana ka barci.

Abin da kake gani a bidiyon nan iri uku ne, sun cakuɗe maka. Akwai sanda mai injin naɗe zare, wadda ake jefa ƙugiya can nesa da ita. Akwai doguwar nan ta masu gasa a Ingila da Faransa, wadda ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa har ta kai mita 13 ko 16, an yi ta da kabon don kada ta yi nauyi, da roba mai talewa a cikin bakinta. An yi ta ne don ruwa mai kwanciya da tafkunan da aka zuba wa kifi da gangan, inda mutum zai wuni yana kamu, da yamma a ɗora a sikeli, a mayar da kifin ruwa, kowa ya tafi gida hannu rabbana. Kai kuwa miya kake nema. Sai ta ukun, gajeriya, mita 3 zuwa 5, mai siririn baki, ba inji ba komai, zare kawai ɗaure a bakinta. Da ita Turawan suke fara koya wa 'ya'yansu. Idan ka gangara fadama ta wajen Dukku da la'asar za ka tarar da yara riƙe da irinta, sai dai tasu ta gora ce. Aikinsu ɗaya, kuma kifi bai san wadda aka sayo da dala ba.

To, gorar za ka nema, wajen masu sayar da kayan rumfa da zana. Ka zaɓi busasshiya wadda ta ninka tsawonka sau biyu, ko ta ɗan ɗara. Riƙe gindinta da hannu ɗaya ka miƙe ta, ka tsaya haka na ɗan lokaci. Idan tsintsiyar hannunka ta fara sagewa tun a kasuwa, ajiye ta, domin a bakin ruwa awowi za ka yi riƙe da ita. Ka kaɗa ta ka saurara: wadda ta tsage tana da wata ƙara da ba ta ɓoyuwa. Ka duba ƙananan ramuka masu zubar da gari, alamar ƙwaro ya riga ka. Idan tana da ɗan karkata ba komai, ka gasa wurin a kan garwashi kana juyawa, ka miƙe shi a gwiwa, ka riƙe har ya huce. Bakin ne ya fi komai muhimmanci, ya zama siriri mai lanƙwasa ya dawo, domin tunda ba ka da inji, lanƙwasar nan ita ce za ta gajiyar maka da kifi.

Inda ba na so ka yi rowa shi ne zare da ƙugiya. Je rumfar da masunta suke sayen zaren kalli, wato ragar kamun kifi, da ƙugiyoyinsu, ba shagon kayan ƙawa ba. Zaren roba idan ya daɗe a rana yakan mutu, ka gan shi lafiya lau amma da ka ja sai ya tsinke, saboda haka ka warware kamu guda ka ja shi da ƙarfi a gaban mai shagon kafin ka biya. A jikin ƙwaryar zaren ana rubuta kaurinsa. Sayi iri biyu, mai kamar milimita 0.25 da mai kamar milimita 0.18. Mai kaurin shi ne zai taso daga bakin sanda, siririn kuma taƙi guda kawai za ka ƙulla a ƙarshe, a jikinsa ƙugiya take. Dalili kuwa, ranar da ƙugiya ta maƙale a saiwa ko dutse, siririn ne zai tsinke, ka yi asarar ƙugiya ɗaya maimakon kayanka duka. Kuma kada ka ɗaure zaren a kan bakin gorar kaɗai. Fara ɗaurinsa daga ƙasa, wurin da ta yi ƙwari, ka nannaɗo shi zuwa bakin, yadda ko bakin ya karye kifinka yana nan. Tsawon zaren gaba ɗaya ya gaza na sandar da kamar kamu ɗaya. Da haka idan ka ɗaga sanda, ƙugiyar za ta zo daidai hannunka na hagu ba sai ka bi ta ba. Kowane ƙulli ka jiƙa shi da yawu kafin ka tsuke, zafin gogayya yana cin zaren roba.

Ƙugiya kuwa, duk sabon shiga babba yake saye, domin giwan ruwa yake mafarki. Bar giwan ruwa inda yake, ba da gora ake fito da shi ba. Abin da zai cika maka kwano karfasa ce da kawara da ƙurungu da matsakaiciyar tarwaɗa, kuma bakin karfasa ƙarami ne. Lambar ƙugiya a juye take, gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙanƙantar ƙugiyar, sannan kamfani da kamfani sukan bambanta, don haka idonka ya fi lambar. Ka sayi ƙanana da yawa waɗanda ba su wuce farcen ƙaramin yatsanka ba, da 'yan matsakaita kaɗan na tarwaɗa. Ja bakin kowace a kan farcen babban yatsa. Idan ta kama farcen tana da kaifi, idan ta zame ka mayar masa da kayansa.

Alamar da ke yawo a kan ruwa tana gaya maka kifi ya taɓa ba ta buƙatar ko kwabo. Guntun karan dawa busasshe yana yi, yankin tsohon silifas yana yi, idan ka samu ƙayar beguwa wajen maharba ta fi su duka, domin siririya ce, ko numfashi kifi ya yi a kan ƙugiya za ta nuna. Ka yanka 'yan zobba daga robar tsohon tiyub ɗin keke ka maƙale ta da su a jikin zaren, yadda za ka iya turata sama ko ƙasa. Sai ɗan nauyi tsakaninta da ƙugiya. Gwada wannan a gida cikin bokiti: ka riƙa ƙara nauyin kaɗan-kaɗan har alamar ta tsaya tsaye, kanta kaɗai ya rage a waje. Idan rabinta yana waje, kifi zai ji tana ja masa ya tofar da abincin kafin ka farga. Dalma ake yawan amfani da ita, kuma za ka ga masu matse ta da haƙori. Kada ka koyi wannan. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 bai kamata a sake gaya mana ba. Ka matse da filaya, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, ka ajiye ta inda ƙannenka ba za su kai ba. Ƙaramin noti na keke ma yana yin aikin.

Duk wannan da na lissafa ba zai ci rabin kuɗinka ba. Sauran ka ƙulle su, sai ɗan abin da za ka cire ka sayi goro.

Goron na gaisuwa ne. Ruwa a ƙasar Kabi ba jeji ba ne da kowa zai shiga yadda ya ga dama. Kowane yanki na gulbi akwai Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunta da ake jin maganarsa, kuma tafkunan fadama da yawa na wani gida ne ko wani ƙauye, suna da ranar da ake buɗe su a yi su na taro, kafin ranar ba a taɓa su. Ko Matan Fada a Argungu haka yake, ana tsare shi ne har ranar biki, shi ya sa ake samun manyan kifaye a ciki. Baƙon da ya zo ya jefa ƙugiya ba sallama, abu biyu ke jiransa. Ƙarƙashin ruwan nan da kake gani shiru akwai kallin mutane da gura, wato tarkon kifinsu, da mamarinsu. Ƙugiyarka ta kama kallin wani ka jawo, ya hango ka daga nesa, babu rantsuwar da za ta wanke ka daga zargin satar kifi. Mamari kuwa jerin ƙugiyoyi ne tsirara a igiya ɗaya, wanda ya taka shi ba ya mantawa.

Saboda haka ka sa kayanka masu tsabta, ka je da hantsi lokacin da suka dawo daga duba kalli suna gyaran kaya a inuwa. Ka durƙusa ka gaida babbansu, ka ajiye goron, ka ce: Baba, ni ɗan marigayi wane ne tela, fatsa nake son koyo, na miya kawai, na zo a nuna mini inda zan zauna da inda ba zan je ba. Kada ka fito da waya ka nuna masa yadda Turawa suke yi. Wataƙila ya yi maka dariya, wataƙila ya haɗa ka da jikansa ɗan shekara goma sha biyu ya ce shi zai koya maka. Karɓi wannan da hannu biyu. Yaron ya san inda gaɓa take zabtarewa, ya san ramin da ke gaban itacen can, ya san wurin da tarwaɗa take kwana. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan sanin ba ya cikin kowane bidiyo.

Yanzu maganar Inna, wadda ita ce babba a wasiƙarka ko da ka sako ta a tsakiya. Inna tana da gaskiya. Mace da ta binne miji, ta ji ɗanta da bai iya iyo ba yana maganar gulbi, me kake so ta ce? Jama'ar jihar nan ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, da yawan rayukan da suka tafi, kuma kusan kowace damina sai an ji wani labarin. Kada ka kuskura ka riƙa zuwa a ɓoye da sunan ka tafi shago. Ban da alhakin saɓa mata, mai zuwa a ɓoye shi ne wanda idan wani abu ya same shi ba a san inda za a nufa nemansa ba.

Abin da za ka kai mata sharuɗɗa ne da kai za ka ɗora wa kanka, ba gardama ba. Fatsar gora daga tudu ake yin ta, a zaune, ƙafa a busasshiyar ƙasa. Ka yi mata alƙawarin ba za ka shiga ruwa ba ko zuwa idon sawu, ba za ka hau kwalekwale ba, ba za ka je kai kaɗai ba, za ta san wurin da sunan wanda kuke tare, kuma sallar magariba a masallacin unguwa za ka yi ta. Idan ƙugiya ta maƙale, a tsinke zaren a bar ta, kuɗinta bai kai a tuɓe riga ba. Idan kana da kawu ko baffa da take jin nauyinsa, da shi za ka fara magana, shi ya shigar maka. In ta ce a'a bayan duk wannan, ka dakata, ka yi amfani da lokacin ka koyi iyo a hannun wanda ya iya, a wuri marar zurfi, da saninta. Ko ba don kifi ba, mutumin da ke zaune a bakin fadamar Kabi ya kamata ya iya fitar da kansa daga ruwa.

Alƙawarin rashin shiga ruwa yana da wata riba da ita Inna ba ta ambata ba. Ruwa mai kwanciya da ciyayi shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Idan ka taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari, asibiti za ka je, akwai maganinta, praziquantel, kuma yana aiki. Ka sani kuma gulbin nan yakan taso ko da ba a yi ruwan sama a Birnin Kebbi ba, idan an saki ruwa daga madatsar Goronyo ko ta Bakolori. Wurin da ka zauna jiya yana iya zama tsakiyar ruwa yau. Watannin Agusta da Satumba ka bar wa masu abin. Ruwa ya cika ya yi ja, gaɓa ta jiƙe tana ruftawa, kifi ya bazu cikin fadama yana haihuwa, ba abin da mai gora zai samu sai kasada. Lokacinka kaka ce, idan ruwa ya fara janyewa, kifi ya ƙoshi ya taru a tafkuna da lunguna. Wurare masu nisa da gari kuwa, a halin tsaron da ake ciki, ba sai na ja maka kunne ba.

Mu ce Inna ta yarda, an nuna maka wuri. Ka zo da sassafe, ka taka a hankali, domin kifi yana jin dukan ƙafa ta cikin ƙasa fiye da yadda yake jin magana. Zauna yadda inuwarka ba za ta faɗa kan ruwa ba. Kafin ka saƙala komai, auna zurfin. Rataya noti mai ɗan nauyi a ƙugiyar ka sauke a gabanka. Idan alamar ta nutse, tura ta sama. Idan ta kwanta a kan ruwa, sauko da ita. Ka yi ta yi har kanta kaɗai ya leƙo, to ka san ƙugiyarka tana taɓa ƙasa daidai. Gwada dama, gwada hagu, za ka gane inda ƙasa ta gangara, kuma bakin gangaren nan ko gefen bado da burugu nan kifi yake bi. Mafi yawan masu zuwa su wuni su tashi ba komai, wannan aunin ne ba su yi ba, abincinsu yana rataye a sama kifi yana ƙasa.

Sai ka kira kifin. Kwaɓa dusa da ɗan garin ƙuliƙuli da ƙasar wurin, ruwa kaɗan, yadda za ta dunƙulu a hannu amma ta watse idan ta sauka. Jefa dunƙule biyu ko uku a wurin da ka auna, daga nan kuma ɗan tsunkule kawai lokaci-lokaci, kullum a wuri ɗaya. Ana so su taru suna nema, ba su ƙoshi su tafi ba. Wanda ya juye kwanon dusa gaba ɗaya ya yi sadaka ne.

Abincin ƙugiya kuwa, tana, tsutsar nan ta ƙasa, ita ce uwa. Tona ƙasa mai laima a bayan randa, ko magudanar wanke-wanke, ko lambu, ka zuba su a gwangwani mai huji da danshin ƙasarsu, ka ajiye a inuwa. Ga karfasa, guntun tana ya isa, ka bar wutsiyar tana motsi, bakin ƙugiyar ya ɗan leƙo. Ƙwaron gara ma tana cin sa, haka ƙullin fulawa ko tuwon masara da aka murza da ƙuliƙuli har ya yi danƙo. Tarwaɗa da hanci da gashin baki take farauta, a ƙasa, kuma ta fi fitowa idan rana ta yi sanyi. Ita sai abu mai ƙarni: tana uku a dunƙule, hanjin kaza, guntun hanta. Je wurin masu fige kaji a kasuwa, abin da suke zubarwa ya ishe ka. Da hunturu kada ka wahalar da kanka da sammako, karfasa ba ta son sanyi, sai rana ta ɗaga ta ɗumama ruwan take ci. Da bazara kuwa akasin haka, sassafe da yamma lis.

Cin kowane kifi daban yake, kuma wannan shi ne daɗin abin. Karfasa takan taɓa, alamar ta yi rawa, ta tsaya, ta sake rawa, sannan ta fara tafiya gefe a hankali ko ta nutse. Kada ka ja a rawar farko. Jira tafiyar. Idan ta zo, ɗan ɗaga tsintsiyar hannu kawai, ba fizga ba. Mai fizga ko ya yage bakin kifi, ko ya tsinke zare, ko ya maƙala ƙugiya a reshen da ke bayansa. Kawara da sauri take ɗauka tun abincin bai kai ƙasa ba. Tarwaɗa ba ta wasa, alamar ɓacewa take yi gaba ɗaya. Ƙaramin kifi ka ɗago shi ya zo hannunka. Idan ka ji nauyi, kada ka yi ƙoƙarin ɗaga shi sama. Riƙe sandar a ɗage ta lanƙwashe, ka bar shi ya yi ta kai da kawowa har ya gaji ya kwanta a gefensa, sannan ka jawo shi wuri marar zurfi ka sa ƙaramar koma ko kwando ka kwashe. Kuskuren da ke tsinke zare shi ne sauke bakin sanda ya nuna kifin, domin daga nan gorar ta daina aiki, zare ne kaɗai yake ɗauke da nauyin. Robar nan da Turawa suke sawa a bakin sandarsu wannan matsalar take magani, kuma kana iya yin taka: taƙi guda na robar danƙo tsakanin bakin gora da zare.

Ka riƙe tsumma a aljihu. Tarwaɗa tana da ƙaya a fukafukanta biyu na gefen kai, ƙurungu yana da uku har da ta gadon baya, masu zarto, kuma yana kafe su idan an kama shi. Sukansu yana raɗaɗi yana kumburi. Ka danne da tsumman ta bayan kai, yatsunka a bayan ƙayoyin. Idan ka fito da wani mai taushin jiki, marar ɓawo, mai ɗige-ɗige, kamar an hura shi, minjirya ce, kada ka taɓa, wuta take ja. Yanke zaren ko ka kira yaron nan malaminka. Yayin da kake koyo, ka matse ɗan haƙorin da ke bayan bakin ƙugiya da filaya. Za ka rasa kifi ɗaya-ɗaya, amma ranar da ta shiga yatsanka za ta fita yadda ta shiga. Idan mai haƙori ce ta nutse, kada a fizge ta a bakin ruwa, a je asibiti a cire, a yi allurar tetanus.

'Yan ƙananan da ba su kai yatsu uku ba ka mayar da su, haka karfasar da ka buɗe bakinta ka ga ƙwai ko 'ya'ya a ciki, domin a baki uwar take renonsu. Masuntan da suka ba ka wuri suna lura da irin wannan. Duk wanda ya zo maka da shawarar zuba gamalin ko wani magani a tafki don a kwashi kifi da yawa, ka rabu da shi ko abokin ƙuruciya ne. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya, kuma ruwan nan shi mutane da dabbobi suke sha.

Dariyar yayanka ba za ta daɗe ba. A wata ƙasa dai a raina su, ba a Kabi ba. Bikin Argungu da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, da kamun kifi aka karrama baƙon, ba da wani abu ba, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake taskacewa. Can New Bussa akwai cibiyar bincike ta tarayya sukutum a kan kifin ruwan daɗi, cike da masu digiri. Sai dai ina ganin akwai wani abu a ƙarƙashin dariyar: yana tsoron shago ya zama ba mai tsaro. Ku yi magana, ku tsayar da ranakun da za ka je, kada ya buɗe shago ya neme ka ya rasa.

Batun sayarwa kuwa, ba zan ruɗe ka ba. Gora ɗaya da ƙugiya ɗaya miya suke kawowa, wata rana da ragi, wata rana ba ko ɗaya. Kifin da kake gani jibge a kasuwar Yawuri na kalli ne da taru da gura da mamari, na mutanen da ke kwana a kan ruwa da jiragensu. Wannan ma wani dalili ne na ƙin bashin, domin mai bashi ranarsa yake ƙirgawa, kifi kuwa ba ya ƙirga ta kowa. Idan ka yi kaka ɗaya ka ga sha'awar ba ta gushe ba, kuma zuciyarka ta karkata ga kasuwancin, a lokacin ka riga ka san masunta sun san ka. Saro kifi daga hannunsu a bakin ruwa, ko banda, ko kiwon tarwaɗa a gida, kowanne ya fi fatsa kawo kuɗi, kuma canjin da ka ƙulle zai iya zama mafari.

In kuma ka ga lallai sai ka riƙe irin ta bidiyo, bayan kakar nan ka nemi gajeriyar, mai shigewa cikin juna, mita 4 ko 5, ta gilashin roba. Amfaninta ɗaya a kan gora shi ne tana naɗewa ta shiga jaka ka hau mashin da ita. Ka zare ta gaba ɗaya a shagon, ka duba kowace mahaɗa ko da tsagewa, ka tambaya ko ana samun bakinta daban, domin shi ne ke fara karyewa. Yashi ne maƙiyinta, ka riƙa goge ta kafin ka mayar. Ta kabon ta fi sauƙin ɗauka, amma tana ɗaukar wutar lantarki. Kowace iri ce a hannunka, har jiƙaƙƙiyar gora, ka ɗaga kai ka duba wayoyin wuta kafin ka miƙe ta, kuma da ka ji tsawa ka kwantar da ita a ƙasa ka nemi mafaka.

Ka gaida Inna. Allah ya ba da sa'a.